Yaƙi ɗan zamba ne, to golf fa?

A watan Yunin 1947, a filin golf na St. Louis da ke jihar Missouri ta Amurka, Sam Snead da Lew Worsham suka iso rami na 18 kunnen doki a wasan raba gardama na gasar US Open. Ƙwallon kowannensu na kwance gab da rami, tazarar ba ta wuce taku guda ba. Snead ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai, ya saita sanda zai tura tasa, sai Worsham ya ce dakata, a fara aunawa a ga wadda ta fi nisa, tunda a ƙa'idar wasan mai nisa shi ke fara bugu. Aka kira jami'i ya zo da tef. Ta Snead inci 30 da rabi, ta Worsham inci 29 da rabi. Ashe dama Snead ne ke da bugun. Ya koma ya sake tsayuwa ransa a ɓace, ya tura, ƙwallo ta goce. Worsham ya jefa tasa ya ɗauki kofi. Snead ya ci gasa 82 a babban rukunin ƙwararru na Amurka, amma har ya bar duniya US Open ba ta shiga hannunsa ba.

Worsham bai karya doka ko ɗaya ba, haƙƙinsa ne ya nemi a auna. Duk da haka kusan shekara 80 ke nan masu bin wasan na ja-in-ja a kan wannan dakatarwa, domin kowa ya san abin da ta yi wa Snead. Mutum ya tattara hankalinsa wuri guda, numfashi ya daidaita, hannu ya natsu, sai a katse shi a bar shi tsaye yana kallon ana jan tef. Da Worsham ya yi magana tun kafin Snead ya sunkuya, da ba mai tuna zancen a yau. Lokacin da ya zaɓa ya buɗe baki shi ne ya tsaya wa mutane a rai.

Ba za a gane dalilin da ya sa ƙaramin abu irin wannan ke zama babba ba sai an san inda golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya sha bamban da sauran wasanni. A ƙwallon ƙafa alƙali na gudu tare da 'yan wasa, ga mataimaka a gefe, ga na'urar bidiyo. Ɗan wasa ya zube da gangan, alƙali ya ruɗu ya hura fenareti, magoya baya su ce yaro ya iya. A golf kuwa fili ne makeke mai ramuka 18, wanda ya gama su da mafi ƙarancin bugu shi ke nasara, 'yan wasa kan kai 156 a manyan gasa, a warwatse bibbiyu ko uku-uku. Jami'an doka na nan, amma galibi sai an kira su suke zuwa. Ƙwallo kan faɗa cikin duhuwar ciyawa inda ba mai ganin abin da sanda ta taɓa sai mai riƙe da ita. Abokin tafiyarka ne ke rubuta yawan bugunka a kati, kai ma ka rubuta nasa, a ƙarshe kowa ya duba ya sa hannu. An rubuta dokoki 13 na farko a Leith, kusa da Edinburgh, a 1744. Yau hukumomi biyu ne ke riƙe da kundin, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, kuma a sabon kundin da ya fara aiki a 2019, tun a doka ta farko aka faɗi abin da ake nema daga ɗan wasa: ya riƙe gaskiya har ya hukunta kansa in ya yi kuskure, ya mutunta abokan wasa, ya kula da filin. A taƙaice amana aka damƙa masa.

Bambanci na biyu shi ne ƙwallonka a tsaye take tana jiranka. Abokin karawa ba shi da ikon taɓa ta, ba zai tare ka ba, ba zai sa maka ƙafa ba. Ƙofa ɗaya ta rage masa in yana son shiga wasanka, ita ce natsuwarka. Shi ya sa dubban 'yan kallo ke yin tsit idan mutum ya sunkuya zai buga, kuma shi ya sa kusan duk wayon da ake yi a golf can yake dosa.

Labarin da ake fara koya wa yara game da amanar shi ne na Bobby Jones. A US Open ta 1925 a Worcester, yana shirin bugu a rami na 11 sai ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa. Ba wanda ya gani. Ya faɗa wa jami'ai, suka nemi ya bar maganar, ya ƙi, ya ƙara wa kansa bugu ɗaya na tara. Gasa ta ƙare yana kunnen doki da Willie Macfarlane, aka yi ramuka 36 na raba gardama, ya sha kashi da bugu ɗaya. Da aka yi ta yaba masa sai ya nuna bai ji daɗi ba, ya ce kamar a yabi mutum ne don bai yi fashi a banki ba. Sai dai Jones ba don kuɗi yake wasa ba, lauya ya zama, don haka ni labarin Brian Davis ya fi taɓa ni.

Davis Bature ne ɗan Ingila da ya daɗe yana fafutuka a Amurka bai taɓa cin gasa a can ba. A Afrilun 2010, a filin Harbour Town, ya kai ga raba gardama da Jim Furyk. Ƙwallonsa ta gangara gefen teku, ta tsaya a yashi tsakanin busassun karare. Ya sauka ya buga ta ta hau. Maimakon ya bi bayanta sai ya tsaya, ya yafito jami'in doka Slugger White, ya ce yana jin kamar lokacin da ya ja sanda baya ta shafi wani kara da ba a dashe yake ba. White na tsaye kusa amma bai lura ba. Sai da aka rage gudun bidiyo aka ga karan ya ɗan girgiza. Dokar wancan lokaci ta ce tarar bugu biyu. Furyk ya ɗauki kofi, kuma tsakanin kuɗin na ɗaya da na biyu akwai sama da dala 400,000. Gaskiya ko ba tarar Davis na cikin matsi, Furyk ya fi shi kyakkyawan matsayi a ramin. Amma lokacin da ya ɗaga hannu bai san yadda za ta ƙare ba, abin da ya sani kawai shi ne damar da ya daɗe yana nema ce yake sakewa. Bai taɓa samun cin gasa a rukunin ba. A 2019 ma aka soke wannan tara gaba ɗaya.

Inda aka ba amana wannan nauyi, zargin cin ta kan zama tabon da ba ya gogewa. A 1985 aka zargi wani matashi ɗan Fiji, Vijay Singh, da rage bugu ɗaya a katinsa a gasar Indunusiya. Ya musanta, ya ce rashin fahimta ne, amma aka dakatar da shi daga rukunin Asiya. Ya koma tsibirin Borneo yana koyar da wasa a ƙananan kulob. A Najeriya ya dawo da ƙafarsa, inda ya ci gasar Nigerian Open a Ikoyi, Legas, a 1988. Daga baya ya ci Masters a 2000, ya zama na ɗaya a duniya a 2004, amma duk lokacin da za a ba da tarihinsa sai an tono zancen katin nan. Patrick Reed ma haka. A Disamban 2019 a Bahamas, kyamara ta nuna sandarsa ta share yashin da ke bayan ƙwallonsa har sau biyu yana gwajin bugu. Slugger White ɗin nan dai shi ya yanke masa tarar bugu biyu. Reed ya karɓa, ya ce ba da gangan ba ne, wurin da kyamara take ne ya sa abin ya yi muni. Ya ƙare na uku, bugu biyu cif tsakaninsa da Henrik Stenson da ya ci. Tarar ta ƙare a ranar, amma mako guda bayan haka 'yan kallo a Melbourne suka yi ta binsa da gori, kuma har yau ba a daina ba. Ban san abin da ke zuciyar Reed ba, ba kuma zan yanke masa hukunci ba. Abin da ya bambanta shi da Davis a idon jama'a shi ne ɗaya da bakinsa ya kira jami'i, ɗaya kuwa kyamara ce ta kira masa.

To wannan ɓangaren maguɗi ne, kuma ba a cika gardama a kansa ba. Gardamar tana ga abin da doka ba ta hana ba. A 1947, shekarar da Worsham ya nemi tef, wani marubuci ɗan Ingila mai suna Stephen Potter ya fitar da littafi sukutum a kan dabarun cin wasa ba tare da an kai ga yin maguɗi ba. Bahaushe ya riga shi da cewa yaƙi ɗan zamba ne. Ɗan dambe kan fito fili ya yi kirari, makaɗi na zuga shi, duk don ya karya zuciyar abokin karo tun ba a ɗaga hannu ba, kuma ba mai kiran wannan zalunci. Amma da zarar mutum ya kai ƙasa ba a ƙara masa. Kowane wasa da lokacin da ya yarda a yi zamba, da lokacin da ya ce a tsaya.

A golf zambar ta fi yawa a salon da ake karawa rami-rami. A yawancin gasa jimillar bugu ake ƙirgawa bayan kwana huɗu, kana fafatawa da kowa da kowa a lokaci guda. A karon rami-rami kuwa mutum ɗaya ne a gabanka, wanda ya ci ramuka mafi yawa shi ya yi nasara. A nan ne doka ta yarda ka yafe wa abokin karawarka bugu: ƙwallonsa ta tsaya kusa da rami, ka ce ɗauka, na ba ka. In ka furta ba ka da ikon janyewa, shi ma ba shi da ikon ƙi. Walter Hagen, wanda ya ci gasar PGA sau huɗu a jere daga 1924 zuwa 1927 lokacin da ake yin ta a wannan salo, ya shahara da sarrafa wannan yafiya. Ana ba da labarin yakan yi ta yafe gajerun bugu a farkon wasa, abokin karawa ya saki jiki, hannunsa bai ɗanɗana tura ƙwallo ta kusa ba duk yini. Sai an zo ramukan ƙarshe, zuciya na dukan uku-uku, ƙwallo ta tsaya taku guda daga rami, Hagen ya kau da kai ya yi shiru. Ni ban ga laifi a nan ba. Yafiya kyauta ce, ba wanda ke bin wani bashinta, kuma ƙwararren da ya bari kyautar abokin hamayya ta sa shi sakaci shi ya cuci kansa. Hagen bai taɓa lokacin bugun kowa ba. Ya bar mutum da sandarsa da shirunsa, ya ce bismilla.

Seve Ballesteros na Sifen ne ya fi kowa kai abin bakin iyaka, musamman a gasar Kofin Ryder tsakanin Amurka da Turai. A 1989 a Belfry ta Ingila ya nemi canza ƙwallon da ya ce ta karce, Paul Azinger ya duba ya ce bai yarda ba, jami'i ya goyi bayan Azinger. Seve ya tambaye shi ko irin wasan da yake so su yi yau ke nan. Shekara biyu bayan haka suka sake haɗuwa a tsibirin Kiawah, Seve da José María Olazábal a gefe ɗaya, Azinger da Chip Beck a ɗaya gefen. Amurkawan na gaba da ramuka uku bayan rami na 9, sai 'yan Sifen suka kira jami'i suka ce an canza nau'in ƙwallo a rami na 7 saɓanin ƙa'ida. Hakan ya faru kuwa, amma lokacin neman tara ya riga ya wuce, domin a wannan salo dole a yi ƙorafi kafin a tashi rami na gaba. Azinger ya ce su ba maguɗi suke yi ba, Seve ya ce ai karya doka daban, maguɗi daban. Ba a cire wa Amurkawan komai ba, sai dai natsuwarsu ta tafi, 'yan Sifen suka juya wasan suka ci. Wannan ma zan iya haɗiyewa, tunda laifin na gaske ne kuma tsakanin ramuka aka yi maganar. Wanda ba zan iya karewa ba, in har ya tabbata, shi ne ƙorafin da Amurkawa suka yi cewa tari na kama Seve daidai lokacin da suka ɗaga sanda. Shi ya ce lalura ce ke damunsa. Tari ba shi da shaida, kuma illar irin wannan wayo ke nan: mai yi na da mafita kullum, wanda aka yi wa kuwa in ya yi magana a ce raki ne. Seve gwani ne da ya ɗaga darajar golf a Turai fiye da kowa a zamaninsa, ina kuma ƙaunar wasansa, amma daƙiƙun nan da mutum ke sunkuye a kan ƙwallonsa nasa ne shi kaɗai.

Akwai wani nau'in wayo da ba ya shafar abokin karawa kai tsaye, shi ne sanin lungunan doka. A gasar Phoenix ta 1999 ƙwallon Tiger Woods ta tsaya a bayan wani ƙaton dutse. Ya tambayi jami'i ko dutsen na cikin abubuwan da ba a kafe suke ba, waɗanda doka ta yarda a kawar. Jami'i ya ce haka ne, girma ba ya hana. 'Yan kallo suka taru suka mirgine masa shi. Halal ne a doka, sai dai ɗan wasan da mutum biyar ke bi a baya ba zai samu masu tura masa dutse ba, kuma wannan ya isa ya sa mutum ya yi jim. Na Jordan Spieth ya fi tsabta. A ranar ƙarshe ta gasar Open ta 2017 a Royal Birkdale, ƙwallonsa ta ɓace hanya ta faɗa kan tudun yashi a rami na 13. Ya karɓi tarar bugu ɗaya, ya tambaya ko filin atisaye na cikin iyakar wasa, aka ce yana ciki, ya ja baya har can tsakanin manyan motocin kamfanonin kayan wasa ya samu shimfiɗaɗɗen wuri. Abin ya ci kimanin minti 20 Matt Kuchar na jira. Da suka haɗu a bakin rami Spieth ya je ya ba shi haƙuri, daga nan ya ci gasar da tazarar bugu uku. Komai a gaban jami'ai ya yi, ya biya tararsa, ya kuma san ya ci lokacin wani. Phil Mickelson kuwa a US Open ta 2018 a Shinnecock Hills ya ga ƙwallonsa za ta gangare ta bar farfajiyar rami na 13, ya bi ta da sassarfa ya buge ta tana cikin tafiya. Ya ce ya san tarar bugu biyu ce, ya ga ta fi masa sauƙi. Wato ya mai da tara farashi, ya karya doka da gangan ya biya. Bayan 'yan kwanaki ya fito ya nemi gafara, kuma ya kyautu da ya nema.

Sama da doka da amana akwai abu na uku, wanda Hausa ke da kalmarsa daidai: kara. Ka bar abin da yake haƙƙinka saboda ganin girman wani ko girman wurin. A Satumban 1969 aka yi Kofin Ryder, wanda a lokacin tsakanin Amurka da Birtaniya ake yi, a Royal Birkdale, filin nan dai na Spieth. Makon ya yi zafi, har kyaftin ɗin Birtaniya Eric Brown ya hana 'yan wasansa taya Amurkawa neman ƙwallo in ta ɓace a ciyawa. Komai ya rataya a kan wasan ƙarshe, Jack Nicklaus da Tony Jacklin, suka zo rami na 18 kunnen doki, ƙungiyoyin ma kunnen doki. Jacklin a watan Yulin shekarar ya ci gasar Open, ɗan Birtaniya na farko cikin shekara 18, ƙasar gaba ɗaya ta ɗora masa buri. Nicklaus ya jefa tasa daga ɗan nesa. Ta Jacklin saura kimanin ƙafa biyu. In ya jefa an tashi 16 da 16, in ya kuskure ya jawo wa ƙasarsa faɗuwa a gida a gaban kowa. Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar da ke nuna gurbin ƙwallon Jacklin ya miƙa masa, ya ce ba ya jin zai kuskure, amma ba zai ba shi damar kuskurewa ba.

An mayar da wannan abin koyi, har su biyun suka haɗu suka tsara fili a Florida da aka sa wa suna don tunawa da yafiyar. Amma a ranar akwai wanda ransa ya ɓaci ƙwarai, shi ne kyaftin ɗin Amurka, kuma ba kowa ba ne illa Sam Snead. Bai kamata a yi saurin watsar da fushinsa ba. Mutum 12 ne suka ƙetare teku don su ci, nasarar da Nicklaus ya bari ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma wannan ne karonsa na farko a gasar. Ana iya cewa ya yi kara da kayan jama'a. Snead kuma ya fi kowa sanin cewa ana kuskure bugun inci 30, don ya kuskure shi a St. Louis. Abin da ke kare Nicklaus a wurina shi ne ya yi lissafi kafin ya sunkuya. Amurka ce ke riƙe da kofin, kunnen doki ya ishe ta komawa da shi gida. Abin da ya sadaukar shi ne bambancin a ce an ci da a ce an riƙe, abin da ya tsare kuwa mutuncin mutum ne da zai iya rushewa a bugu ɗaya. Da yafiyar za ta miƙa kofin ga Birtaniya, da hukuncina ya canza.

A gwada wannan da abin da ya faru a Kofin Solheim na mata, shi ma tsakanin Amurka da Turai, a St. Leon-Rot ta Jamus a 2015. Alison Lee, 'yar shekara 20, karonta na farko, tana tare da Brittany Lincicome suna karawa da Suzann Pettersen da Charley Hull. Wasa kunnen doki a rami na 17. Lee ta tura ƙwallo ta wuce rami da kimanin inci 18. Hull ta juya ta fara tafiya, 'yan kallo na hayaniya, Lee ta ɗauka an ce ta ɗauka, ta sunkuya ta ɗauke ƙwallonta. Pettersen ta ce ba wanda ya yafe. Jami'i ba shi da zaɓi, ramin ya zama na Turai, suka kuma ci wasan. Lee ta fashe da kuka, Hull da aka ci wasan da ita ma kuka take. A doka Pettersen na da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma za ta iya kafa hujja da abin da ya fusata Snead: ba ta da ikon kyauta da makin ƙungiya. Amma akwai bambanci tsakanin ƙin yafe bugu da cin ribar ruɗanin da tafiyar abokiyar wasanka ta haifar. Hagen shiru yake yi ya bar ka ka buga. A nan ba a bar Lee ta buga ba, an ci ramin ne da kuskuren kunnenta. Hanyar gyara na nan a buɗe, su yafe rami na 18 wasa ya tashi kunnen doki, ba su bi ta ba. Turai ta shiga wasannin ɗaiɗaiku tana gaba da 10 da 6, Amurkawa suka fito a fusace suka ci kofin da 14 da rabi da 13 da rabi. Washegari Pettersen ta rubuta doguwar takardar neman afuwa. Ba na kafa hujja da faɗuwar Turai, domin ko da sun ci kofin abin da aka yi wa Lee bai zama daidai ba.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne wayon ya fara barin hannun 'yan wasa yana komawa hannun taro. A Kofin Ryder na Brookline a 1999 Amurka ta taso daga 10 da 6 a baya. Justin Leonard ya jefa ƙwallo daga ƙafa 45 a rami na 17, 'yan wasa da matansu da masu riƙon jaka suka ruga farfajiyar ramin suna tsalle, alhali Olazábal na da bugun da in ya jefa wasa bai ƙare ba. Ya jira aka watse, ya buga, ya kuskure. Kyaftin Ben Crenshaw ya ba da haƙuri daga baya. A Rum a 2023 mai riƙe wa Patrick Cantlay jaka, Joe LaCava, ya tsaya kusa da Rory McIlroy yana kaɗa hula lokacin da McIlroy ke duba layin bugunsa na ƙarshe, rigimar ta bi su har wurin ajiye motoci. Turawan ma ba su da bakin magana sosai, don 'yan kallonsu sun yini suna tsokanar Cantlay. A Bethpage ta New York a Satumban 2025 abin ya wuce tsokana. Aka yi ta zagin McIlroy da iyalinsa yana sunkuye zai buga, har wadda aka ba lasifika don ta zuga taro ta sa baki a zagin, ta ajiye aikin daga baya, aka kuma jefi matarsa da kofin giya. Turai ta ci 15 da 13. Ɗan wasan da taro ke yi wa aiki bai yi tari ba, bai nemi tef ba, hannunsa a wanke yake, amma ribar tana shiga aljihunsa. Ba dokar da za ta tilasta masa ya juya ya ce wa mutanensa su yi shiru. Wasu Amurkawan sun yi hakan a Bethpage, Justin Thomas na cikinsu, an gan shi yana ɗaga hannu yana tsawatar wa taro kafin bugun abokan karawarsa.

A ranar Brookline ɗin nan akwai wanda ya yi fiye da haka. Payne Stewart na karawa da Colin Montgomerie ɗan Sikotlan, wanda 'yan kallo suka yi ta ci wa mutunci tun safe, har mahaifinsa ya kasa jurewa ya bar filin. Stewart ya sha tsayawa yana nuna wa jami'an tsaro masu zagin a fitar da su. Suka iso rami na 18 kunnen doki, a lokacin Amurka ta riga ta ci kofin, ba abin da ya rage a kan wasan sai tarihin Stewart na kansa. Ya yafe wa Montgomerie ramin, aka rubuta masa faɗuwa. Shi ne zakaran US Open na shekarar, kuma wannan ne wasansa na ƙarshe a Kofin Ryder, domin ranar 25 ga Oktoban 1999, wata guda bayan haka, ya rasu a hatsarin jirgin sama yana da shekara 42.